Kunnena Lafiya Lau

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Kun san ni, malamin firamaren nan na Kafanchan da ba ya iya zama har a gama wa'azi.

Tun ina yaro a Fadan Kaje magana ɗaya ake bina da ita: "Ba ka ji." Na sha bulala a kanta, na girma ban canja ba. Sai in fara aiki uku ban gama ko ɗaya ba. Ana mini magana ina gyaɗa kai, hankalina yana kasuwa.

Shekarar da naira ta fito, Mama ta kwanta ciwo. Ta kira ni, ta riƙe hannuna tana magana a hankali da yarenmu. Wata kaza ta shigo ɗakin da 'ya'yanta, idona ya bi su. Ban ankara ba sai na ji tana cewa, "Ka ji ko, ɗana?" Na ce na ji. Washegari ta rasu.

Wayyo, 'yan'uwa! Ban san saƙon da ta bar mini ba. Shekara biyu ina ɗauke da wannan ƙarya, har jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke ci muke sha a coci, na daina karɓa.

Wata Lahadi bayan sujada na durƙusa na ce, Ubangiji, in taurin kai ne ka karya shi, in ciwo ne ka nuna mini. Na tafi asibitin mishan, na ce wa wata likita ba na ji. Baiwar Allah ta ɗauka kunne nake nufi, ta leƙa ta leƙa, ta ce lafiya lau. Sai na fashe da kuka. Ta zaunar da ni, ta yi ta tambayata tun daga ƙuruciya. Ta ce sun san wannan matsala a yara, hankali ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, wasu kuma da ita suke girma. Ba rashin biyayya ba ne.

Ta koya mini yin aiki ɗaya-ɗaya, da ajiye ɗan littafi a aljihu, da maimaita abin da aka faɗa mini. Matata ma yanzu sai ta taɓa kafaɗata kafin ta yi magana.

Ban warke sarai ba, Mama kuma ta tafi da maganarta. Amma na koma teburin Ubangiji, yabo ya tabbata gare shi! Ku dogara gare shi, kada ku yi saurin cewa mutum ba ya ji. In kun yi mini magana na ce ku sake faɗa, ku yi haƙuri ku sake. Abin da na kasa ce wa Mama ke nan.