Lemun Tsami a Idon Inna Kulu

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni malama ce a Birnin Kebbi. Na dawo daga jami'a shekarar da aka ɗaga sabuwar tuta ta 'yancin kai, ina koyar da matan aure, ina jin na san komai.

Wata rana na nuna musu yadda tsami ke kashe kaifin kanwa da toka. Na zuba kanwa a zoɓo ya yi duhu, na matsa lemun tsami ya koma ja. Har tafi suka yi mini.

Makon jiya Hajo, wadda ta fi kowa ganewa a ajin, ta je ganin gida Argungu. Mahaifiyarta, Inna Kulu, na dafa sabulu, ruwan toka ya fantsama mata a ido. Hajo ta ruga ta matsa mata lemun tsami. Randa na gefe cike da ruwa, ba wanda ya kalle ta. Likita ya ce idon ya tafi.

Hajo ta dawo ta tambaye ni, "Malama, ba ke kinka ce tsami na kashe toka ba?"

Ni na ce.

Jama'a, a wanke ido da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Ku kuma ba ni shawara: gobe Hajo za ta zauna a layin gaba. Me zan koya mata?