Salansar Baba Ba Ta Komawa

A bencin makanike, wani dattijo ya tasa kafiretar tsohon baburinsa a gaba, an kwance ta cikin faranti. Wani tela da ke jiran facin taya ya matso.

"Baba, me ya same shi?"

"Tari yake, ɗana. Ina ba shi wuta sai ya shaƙe."

"Kun taɓa salansa?"

"Na sa an fasa ta, an kuma cire soson iska."

Telan ya ɗauki filogin babur ɗin ya juya, ya ga bakinsa fari fat. "Ai iska ce ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Ko a sa wa kafiretar jet mai babban ramin mai, ko a mayar da salansar yadda take a da."

"A sa jet ɗin. Salansa ba ta komawa."

"Da girmanku, kuna tafe kamar injin niƙa?"

Dattijon ya rage murya. "Lokacin da babur ɗin ke tafiya shiru, ran nan na shiga gida ba wanda ya ji. Na tarar da babban ɗana a kujerata, sanye da hulata, yana kwaikwayon faɗana. Uwarsa har da hawaye don dariya."

"Subhanallahi. Me kuka yi masa?"

"Me zan yi? Ya iya. Yanzu tun daga kan kwana suke jin zuwana, in tarar da kowa cikin ladabi."

Ya juya wajen makanike. "Ka gyara shi da kyau. In ya mutu a bakin layinmu, shiru zan turo shi gida."