Idon Kyamarar Marigayi

A tashar Tudu, wata dattijuwa ta zauna kusa da wani mai hoto da ke jiran motar Nima, ta kwance ƙullin zanenta.

"Masta, don Allah duba mini wannan. Gilashin idon kyamarar maigidana ne, Allah ya jiƙansa. An ce yanzu ya yi tsada."

"Ya yi tsada ƙwarai, Mma. Wata huɗu ina neman na hannu irinsa. A da ma'aikatan jirgin ruwa ke kawowa Tema, yanzu sun daina. Wanda na saya sidi ɗari biyu, bana ko a dubu uku ba a samunsa."

Ya ɗaga shi wajen haske, ya duba.

"Wa ke goge shi?"

"Ni mana. Kowace Juma'a, da toka da soso, kamar kwalbar fitila. Da yana raye ko kusa da shi ba ya bari na je. Shekara ashirin yana ɗaukar amaren Nima da Maamobi, ni kuwa in na ce ya ɗauke ni, kullum sai ya ce mini gobe. Nawa za a ba ni?"

"Mma, ki yi haƙuri. Tokar ta karce gilashin. Ba zai ƙara ɗaukar hoto ba."

"Ashe shi ya sa yake hana ni."

Ta fara mayar da shi cikin ƙullin. Mai hoton ya ciro tasa kyamarar daga jaka.

"Mma, gyara mayafinki, ki juyo nan."

"Ba ni da kuɗin hoto, Masta."

"Ban tambaye ki ba. Ɗago kai kaɗan."