Laifin Koci Ne, Ba Na 'Yan Wasa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Nasiru Fagge, ɗalibi a Guangzhou. Wani malaminmu Ba'amurke ne ya koya mini ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita, har na kamu da son ƙungiyar garinsu.

Ranar Juma'a bayan masallaci ni da abokina Habu muka kalli kaset ɗin wasansu. Saura ƙiris su ci, sai koci ya sa aka jefa ƙwallon maimakon a kutsa da ita. Abokan hamayya suka cafe, aka cinye mu.

Habu ya ce, "Nasiru, sake ƙungiya kawai."

Na ce wallahi ba inda za ni. Yaran nan ƙarfafa ne, kocin ne bai yarda da su ba.

Jama'a, a kore shi ko a ƙara masa shekara? Ina gaida Habu, ya jira baɗi.