Farin Dutsen da Ya Toshe Bututu

Mai girma shugabar majalisar gari, injiniyoyinmu, manoman wannan kwari, abokan aikina na matatar ruwan dagwalo, jama'a maza da mata, barkanmu da wannan rana.

Na gode da kuka ba ni, Tsvetan mai gyaran bututu, dama in yi magana. Shekara ashirin da shida ina aiki a inda kowa ke toshe hanci, yau ga ku kun zo da kanku.

Na farko, a san mafari. Shekara da shekaru wani farin dutse yana toshe mana bututun laka. Mu fasa da guduma, ya dawo. Mu sake fasawa, ya sake dawowa. Wata rana na tsaya na ce, shin wannan abu daga ina yake fitowa, alhali ruwa ne kawai ke wucewa? Na kai wa Rumyana, mai gwajin sinadarai. Bayan kwana uku ta kira ni ta ce, "Tsvetan, ka san abin da kake zubarwa? Fosforas ne. Shi manoma ke saye daga ƙetare a buhun taki, shi ne kuma ke sa gansakuka ta rufe tafkinmu har kifi ya mutu."

Na biyu, a san wanda ya gwada. Muka niƙa guga ɗaya muka kai wa dattijo Bai Stoyko mai gonar tattasai. Ya shinshina ya ce, "Yaro, abin da ya fito daga masai na garin nan za ka ba ni? Na san abin da maƙwabtana ke ci." Rumyana ta nuna masa takardar gwaji, ya yarda a gwada a kunya biyu kacal a gonarsa. Da kaka ta yi, sai ga shi a ƙofar matatar ruwan da buhu uku babu komai ciki, yana cewa kada a gaya wa kowa.

Bai Stoyko, ka yi haƙuri, na faɗa.

Na uku, injin da za a kunna yau zai tsamo sinadarin tun kafin ya daskare. Matambayi ba ya ɓata, kuma har yanzu ban san me ya rage a cikin lakar nan ba. Matasa, ku je ku duba.

Allah ya raya tafkinmu, ya albarkaci gonakinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.