Wai Likita Ke Biyan Mai Ciwon Haƙori?

Iyaye masu saurare, ku yi tambaya kafin ku tura ɗanku karatun likitan haƙori!

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ce Ya Hajja daga unguwar Abbaganaram. 'Yata Falmata ta kai matakin koyon aiki a asibiti. Rannan ta ce in ba ta kuɗin majinyaci. Na ce, "Ke ce ba lafiya?"

Ta ce, "A'a Mama, ni zan nemo mai ciwon haƙori, in yanka masa kati, in sayi kayan ciko. In aikin bai cika ba, babu jarrabawa."

Ta samo wata mai busasshen kifi a Baga Road, na biya komai daga jarina. Ranar ƙarasa cikon matar ta ƙi zuwa, wai ciwon ya lafa, sai an biya ta cinikin yinin. Ina tsoron Allah a nan?

Malam, kaina ya ɗaure. Kuɗin makarantar da muka biya na mene ne? Masana su fahimtar da ni.

Kafin nan na kafa doka: duk haƙorin da ya yi ciwo a gidana, babu kemis, babu kanumfari. Na Falmata ne, har na babanta.