Shekara Biyu Ina Ɓoye Rahila

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Yawancinku kun san ni, Malama Saratu ta Malali, mai koyarwa a firamare. Kun kuma san bakina, ba na barin ta kwana. To yau a kaina zan sauke shi.

'Yata Rahila tana shekara goma sha shida wani ciwo ya kama ta. Yarinyar da ke jan waƙa a nan gabanku ta daina magana, ta daina wanka, sai ta zauna ta ƙura wa bango ido. Wani lokaci ta ce ana kiran sunanta, alhali ba kowa. Ni kuwa sai na ja ƙofa na rufe. Duk wanda ya tambaya a majami'a, in ce ta tafi Zariya wurin gwaggonta. Ƙarya ce, tana ɗaki. Na yi wa Zumuntar Mata ƙarya, na yi wa Fasto, da Littafi Mai Tsarki a hannuna.

Tsorona kada a ce 'yar Saratu ta taɓu, a rasa mai aurenta, a rasa mai auren ƙannenta. Azumi kam na yi shi har zani ya daina zama a ƙuguna. Amma addu'ata ɗaya ce kullum: Ubangiji ka warkar da ita kafin mutane su sani. Ku ji fa. Rufin asirina nake roƙo, lafiyar yarinya tana baya.

Duk tsawon lokacin nan katin inshorar lafiya na ma'aikatan gwamnati yana cikin jakata, da sunan Rahila a ciki. Zazzaɓi kaɗai nake kai masa.

Wata rana da hantsi maƙwabciyata Hajiya Rabi, Bakatsiniya mai sayar da atamfa, ta shigo. Katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ta ce, "Maman Rahila, ina jin kukan yarinyar nan ta katanga. Zariyar a bayan ɗakina take?"

Na taso mata, na ce, "Hajiya, kowa ya ji da gidansa."

Ta ce, "Zage ni in kin ga dama. Ƙanena ma haka ya yi, yanzu ga shi yana tuƙa motarsa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa, wasu kuma suna karɓar katin gwamnati. Ke da kike malama?"

Da ta fita na durƙusa a bakin murhu. Ranar na fara addu'ar gaskiya. Na ce, Uba, ko duk Kaduna za ta ji, ka mayar mini da 'yata.

Washegari muka tafi asibitin da katina yake, don su ne ke ba da takardar tura mutum wurin babban likita. Ma'aikaciyar ta duba, ta ɗago kai.

"Mama, shekarunta nawa?"

"Sha takwas da wata biyu."

"Ai ta fita daga katinki. Yaro yana cika sha takwas ake cire shi."

Na zauna a benci. Shekara biyu ƙofa tana buɗe, ni na tsaya a bakinta na tare. Wayyo ni.

Daga nan na wuce gidan Fasto na faɗi komai. Ashe Mama Lami, nas ɗin nan da muke zama layi ɗaya kowace Lahadi, ta san hanyar tun tuni. Ita ta kai mu ofishin inshorar aka yi wa Rahila sabuwar rajista ita kaɗai, muka yi ta jira har katin ya fara aiki. Asibiti na farko suka ce ba su da likitan ƙwaƙwalwa. Na biyu suna da shi, amma ba ya karɓar kati. A na uku muka dace, likitan yana zuwa ranar Alhamis.

Ya tambaye ni yaushe abin ya fara, na gaya masa gaskiya. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi da wuri ya fi sauƙi, amma ba a makara ba. Da ya zage ni da ya fi mini daɗi.

Yau Rahila tana shan maganinta, tana cin abinci, tana koyon ɗinki a Mando. Na gode wa Allah, shi ya yi. Amma 'yan ajinsu sun gama sakandare, ita ba ta gama ba, kuma wannan ba Shaiɗan ba ne, ni ce.

Iyaye, ku dogara ga Ubangiji, ku yi addu'a, ku kuma ɗauki yaro ku kai shi asibiti da ƙafarku. Allahn da ya ji kukana shi ya ba likita ilimi.

Kafin in tsaya a nan sai da na nemi izinin Rahila. Ta ce, "Mama, ki faɗa. Amma ki ce musu ba laifi na yi ba. Ni duk na ɗauka horo kike yi mini."

To ga shi ina faɗa a gaban ikilisiya, tana ji. Rahila, ba ki yi laifin komai ba. Ki yafe wa uwarki.

Ɗaukaka ta tabbata ga Allah. Amin.